Rigar Tatsa

Talata, 22 ga Agusta, bakwai na safe

Wannan littafin lambun matata ne, Helmi. A nan take rubuta ranar da ta shuka kaza, ranar da kaza ya tsiro, ranar da saniya ta haihu. Rubutunta na ƙarshe na safiyar Alhamis ne: "Wake ya isa tsinka." Ni ban saba da alƙalami ba, amma littafin yana kan tebur a buɗe, kuma farin shafin nan yana ba ni haushi.

Yau kwana biyar da faɗuwarta a lambu, tana asibiti. Saniyarta Ruusu ta ba ni madara kofi ɗaya da rabi, sannan ta tsoma ƙafa a bokitin.

Shekara arba'in da huɗu da aurenmu ban taɓa tatsar saniya ba. Ba ƙyuya ba ce, rabon aiki ne. Itace, ingirici, shinge da dankali nawa ne, saniya da kaji da lambu nata. Matsa kan nono na iya, ai ba jiya aka haife ni ba. Saniyar ce ta ƙi saki. Hantsa cike tam, amma ta riƙe abinta, tana leƙa ƙofa ta saman kafaɗata.

Shekarar Ruusu goma sha uku. Haihuwar bara ta kusa kashe ta, likitar dabbobi ta ce kada a sake. Saboda haka nonon nan shi ne na ƙarshe. In ta ƙafe yanzu ta ƙafe ke nan, kuma kowa a yankin nan ya san inda tsohuwar saniya marar nono take zuwa. Helmi za ta dawo ta tarar da tatsarta tana jiranta. Na gama magana.

Laraba, 23 ga Agusta, bayan tatsar yamma

Na je can. Awa ɗaya da kwata a mota. Yawanci barci Helmi take yi. Na taso uku da rabi don in iso kafin biyar.

Kofi biyu.

Alhamis, 24 ga Agusta, da rana

Maƙwabcina Walfred ya biyo da safe, ya same ni ina yi wa saniya ashar. Ya jingina da ƙofa, hannu cikin aljihu, ya sha kallo ya ƙoshi kafin ya buɗe baki.

"Onni, haka ka nemi auren Helmi ma? Da zagi?"

"In taimako ka zo yi, bismillah. In kallo ne, akwai talabijin a gidanka."

"Ina rigar tatsarta?"

Na nuna masa ƙusar bayan ƙofa. Tsohuwar rigar sanyi ce mai kauri, da shuɗiya ce, yanzu launinta ba shi da suna. Ɗankwalinta mai jajayen furanni yana rataye a kai. Helmi ba ta taɓa wanke su ba, ba ta kuma shiga gida da su.

"Sa," in ji shi.

"Sa me?"

"Rigar, da ɗankwalin. Saniya ba fuskarka take kallo ba, Allah ya rufa mata asiri. Da hanci take sanin mai ita. Lokacin da tsohuwata ta haifi ƙanena, sati biyu babana yana tatsa da siket ɗinta. Mutumin da ko fasto ba ya yi wa murmushi."

Na ce masa ya fita daga gonata. Ya fita yana dariya har mota.

Alhamis ɗin dai, shida da rabi na yamma

Na sa. Hannun rigar ya tsaya min a gwiwar hannu, maɓalli ɗaya ne ya rufu. Na ɗaura ɗankwalin ƙarƙashin haɓa yadda take yi. Ban yi magana ba don kada ta gane muryata, na zauna a kujerar tatsa, na jingina goshina a kwiɓin saniyar. Ta juyo da kai, ta cusa hanci a kafaɗata, ta ja numfashi mai tsawo. Sai na ji hantsar ta yi laushi a hannuna.

Bokiti ya kusa cika. Na daɗe a zaune bayan na gama. Kuka na yi, tunda ba wanda zai karanta wannan.

Asabar, 26 ga Agusta, safe

Walfred ya kama ni da ɗankwali ina ɗauke da bokiti zuwa gida.

"Ina kwana, amarya? Maigidan yana ciki?"

Na ce Allah ya ba shi ciwon haƙori. Ya karɓi madara kwalba biyu ya tafi.

Lambun ya haukace. Waken da ta ce ya isa tsinka ya wuce tsinka, ya yi tauri. Kokwamba ta yi rawaya a ƙarƙashin ganye. Kabushi kuwa, ka juya baya ka waiwayo ya kai cinyar mutum. Tumatir yana fashewa a jikin kara. Na sha gaya mata tana shuka kamar har yanzu mu shida ne a gidan, ta ce in tafi in saro itacena. Layi na uku na waken ban shiga ba. Kwandonta yana nan inda ya faɗi.

Lahadi, 27 ga Agusta, yamma

Coci. An ambaci sunanta cikin addu'a, matan suka yi ta juyowa suna kallona da kai a karkace. Na fita kafin a sha kofi. Duk motar da na samu a buɗe na jefa mata kabushi biyu a kujerar baya. Aƙalla wannan ya yi min daɗi.

Talata, 29 ga Agusta, bayan tatsar yamma

Yau Helmi idonta biyu. Na ba ta labarin rigar, har na kwatanta mata yadda nake ɗaura ɗankwalin. Gefe ɗaya na bakinta ya ɗaga. Na rantse dariya ta yi. Ta yi ƙoƙarin cewa wani abu, abin ya ƙi fitowa, sai ta ji haushi ta rufe ido. Na ce mata kar ta damu, Ruusu tana ba da bokiti cike safe da yamma, kaji suna saka ƙwai, komai na nan yadda ta bari. Na ukun ƙarya ne.

Wani matashin likita ya tsare ni a baranda ya yi ta bayani da hannuwa kan shanyewar ɓarin jiki. Na ce masa ina da tatsa.

Laraba, 30 ga Agusta, tara na safe

Barewa ta cinye kabeji shida. Ta ci, ta rage min aiki.

Alhamis, 31 ga Agusta, da rana

Na gwada dafa tumatir a kwalabe. Na ga tana yi sau dubu, ashe kallo kawai nake yi. Kwalba goma sha biyu na fitar daga tukunya na jera a kan tawul, na zauna ina jiran ƙarar da murfi yake yi in ya kama. Ita takan tsaya da cokali a hannu tana ƙirgawa. Uku ne suka yi ƙas. Sauran tara na juye wa kaji.

Daren jiya an yi sanyi, sai na shigo da rigar cikin gida. Na rataye ta a kujerar ɗakin kwana. Don kada raɓa ta jiƙa ta ne.

Juma'a, 1 ga Satumba, safe

Bokiti cike. Rigar ta sake kwana a ɗaki.

Asabar, 2 ga Satumba, yamma

'Yarmu Marlene ta iso daga birni, ta ɗauki hutun sati biyu. Da abin ya faru ta zo ta yi kwana uku ta koma aiki. Yau ta tsaya a ƙofar kicin ta dubi tebur, ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Baba, yaushe rabonka da abinci mai zafi?"

"Kofi ai mai zafi ne."

"Yaushe rabonka da wanka?"

"Uwarki kika zo dubawa ko ni?"

Ta naɗe hannun riga. Kafin yamma kwalba ashirin da huɗu suna kan tawul, duk sun kama. Hannun uwarta gare ta, da bakin uwarta. Mun shirya cewa ni zan riƙa zuwa can da rana, ita ta karɓe ni uku da rabi ta zauna har a kore ta.

Ban gaya mata zancen rigar ba. Da safe ina gama tatsa kafin ta tashi, da yamma kuwa ba ta nan. Walfred ya gan ni da ɗankwali, wannan ma ya isa. 'Yata ba za ta gani ba.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan abincin rana

Marlene ta fito da wasu takardu. Wai can ɗin ba za su riƙe Helmi fiye da kwana goma ba, akwai wani gida kusa da tafki inda ake kula da irin su.

"Irin su wa?" na ce.

"Baba, don Allah."

"Gidanta yana nan. Gadonta yana nan. Saniyarta tana nan."

"Matakala goma sha huɗu ce zuwa gadon nan. Ka saurari abin da likita ya ce kuwa? Ko sau ɗaya ka tsaya ka ji?"

Na ɗauki fartanya na tafi dankali.

Litinin, 4 ga Satumba, huɗu na yamma

Ban je can ba yau, dankali nake tono tun safe kafin ruwa ya sauko. Da na dawo cin abinci na hango igiyar shanya. Zannuwan gado, wandunana, tawul. A ƙarshen igiyar rigar ce da ɗankwalin, suna ɗiga. Ashe rigar shuɗiya ce har yanzu.

Ban san na yi gudu ba. Na fizge ta na kai hanci. Sabulu ne, mai ƙanshin lemo.

Marlene ta fito da kwando, tana murmushi ma.

"Sau biyu na sa ta a injin wanki. Baba, wannan abin a ɗakin kwana? Da ƙafarta za ta iya fita."

"Wa ya sa ki?"

"Me?"

"Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa?"

Abin da na faɗa bayan nan ba zan rubuta duka ba. Na ce shekara ashirin da biyar tana gudun warin gidan nan, yanzu ta dawo ta wanke uwarta daga cikinsa tun tana numfashi. Ta ajiye kwandon a hankali, ta shiga mota ta tafi wurin uwarta.

Ba ta sani ba. Ni ne ban gaya mata ba, ni ne kuma na shigo da rigar. Na san haka tun ina cikin ihun, amma ban daina ba.

Litinin ɗin dai, bakwai na yamma

Na sa rigar da danshinta. Ruusu ta shinshina, ta yi atishawa, ta matsa jikin bango. Kofi ɗaya.

Talata, 5 ga Satumba, safe

Na goga rigar a ingirici, na goga ta a jikin saniyar, na rataye ta a ƙusarta. Kofi ɗaya. Ba ma magana ni da Marlene, sai "ga kofi" da "na gode".

Laraba, 6 ga Satumba, yamma

Walfred ya zo. Bai yi tsiya ba, abin da ya fi tsiyar ciwo ke nan. Ya gwada tatsar da kansa, ta harbe shi a gwiwa. Ya shiga kicin yana ɗingishi, na ji shi yana yi wa Marlene bayani ƙasa-ƙasa. Can na ji ta ce, "Wayyo Allah."

Ta biyo ni garke. Tun tana 'yar sha bakwai rabonta da shiga nan.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kunya."

"Kunyar ɗankwali? Baba, ni na taɓa ganinka kana rawa da tsintsiya a bikin Kirsimeti."

Muka binciko duk gidan tare, muna neman wani abin da warin jikin Helmi bai fita ba. Rigunanta na cikin akwati ƙanshin maganin asu suke yi. Zanen gado, rigar barci, matashin kai, duk sun bi ta injin nan ranar Litinin. Marlene ta zauna a bakin gado da takalmin lambun uwarta a cinya. Ban iya ba da haƙuri ba, sai na dafa kanta.

Alhamis, 7 ga Satumba, da rana

Likitar dabbobi ta zo. Gefe ɗaya na hantsar ya yi zafi, ya yi tauri. Ta yi wa saniyar allurar da ke sa ta saki ko ba ta so, nono ya zubo da gudaji-gudaji. Ta ce wannan na zubarwa ne.

"Ki bar min allurar, in riƙa yi mata safe da yamma."

"Na kwana huɗu zan bar maka. Ba abin yi kullum ba ne, Onni. In ba ta saki da kanta ba bayan nan, a ƙafar da ita kafin ciwon ya shiga jini. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Ta kalli Marlene don ta tabbatar akwai wanda ya ji.

Juma'a, 8 ga Satumba, bayan tatsar yamma

Dabarar Marlene ce. Mun kai rigar can. Ta yi magana da ma'aikaciyar jinya, wata doguwa mai kirki, ta yarda. Mu biyu muka ɗaga Helmi muka sa mata, ba ta da nauyi ko kaɗan. Hannun dama sai da muka cusa shi da kanmu. Rigar ta yi mata yawa, rigar da ta yi shekaru tana cewa ta matse ta. Marlene ta ɗaura mata ɗankwalin.

Ta sunkuyar da kai ta dubi jikinta, ta shafa aljihun da ya yage da hannun hagu. Na ce, "Aro na zo yi, tsohuwa. Ki ɗumama mana ita kwana biyu."

Asabar, 9 ga Satumba, safe

Allura. Na tsinke albasa, na baza a baranda.

Lahadi, 10 ga Satumba, takwas na yamma

Na karɓo rigar. Na sa ta cikin leda na ƙulle bakin tun daga ɗakin, na ɗora a kujerar gaba, na tuƙo da tagogi a rufe. Ban yi allurar ba. Na wanke hannu da ruwa zalla, na sa rigar a ƙofar garke, na shiga ban ce uffan ba.

Ruusu ta juyo. Ta daɗe tana shinshinawa, daga kafaɗa zuwa hannu, daga hannu zuwa aljihu. Sai ta mayar da kanta ga ingirici. Na zauna na yi minti ashirin ina ja, hantsar tana nan kamar dutse.

Da na fito na kai rigar hancina. Warin asibiti ne, na maganin goge ƙasa da farin zane. Na nema, na sake nema, a wuya, a hammata, a cikin ɗankwalin. Kwana biyu tana jikinta, ban samu komai ba.

Litinin, 11 ga Satumba, safe

Allurar ƙarshe.

Talata, 12 ga Satumba, yamma

An mayar da Helmi gidan kusa da tafki. Na sa hannu. Ɗakin yana da taga da agogon bango, babba. Tafiyar ta ragu da minti goma, amma uku da rabin dai nake tasowa.

Rabin kofi da safe, rabin kofi da yamma. Gefen hantsar nan ya ƙara zafi.

Laraba, 13 ga Satumba, bakwai na yamma

Rediyo ya ce raɓa za ta daskare kafin asuba. Ni da Marlene muka tsinke duk tumatir mai ɗan ja, ɗanyun muka lulluɓe su da zannuwan gado kamar yadda ake yi kowace shekara. Muna jan zane ɗaya ta ce, "Baba, tana shan wahala."

Ban tambaye ta wa take nufi ba. Na ce gobe zan kira likitar.

Alhamis, 14 ga Satumba, da rana

Kabushi da kokwamba sun yi baƙi, sun kwanta. Abin da muka rufe ya tsira.

Likitar ta zo ta sa magani a kan nonon huɗu. Daga yau ba dusa, ingirici da ruwa kawai, kuma kada in taɓa hantsar ko da ta yi kuka. Ta ce za ta yi kukan kwana biyu ko uku. Walfred ya ce in ta warke zai kai ta cikin shanunsa ta yi hunturu, "kafin ka yanke shawara." Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Na wanke bokitin na kife shi.

Juma'a, 15 ga Satumba, bakwai na safe

Tun biyar Ruusu take kuka. Na kunna rediyo, na ƙure.

Juma'ar dai, takwas na yamma

Marlene ta tsaya gida da ɗanyun tumatir, ni na tafi wurin Helmi. Da uku da rabi ta yi ban tashi ba. Ba zan iya sake jin kukan nan ba, kuma ba abin da ke jirana. Na ce bari yau in zauna da matata har yamma, karo na farko. Na shirya abin da zan faɗa ma: bokiti cike, komai lafiya.

Barci take yi. Biyar saura kwata ta buɗe ido, ba wanda ya tashe ta. Ta dubi agogon. Hannunta na hagu ya fara motsi a kan bargo, yatsun suna rufewa ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, su buɗe, su sake rufewa, kamar mai tatsa. Ma'aikaciyar da ta shigo da ruwa ta ce, "Jiya ma haka ta yi, da shekaranjiya. Mun ɗauka ciwo ne."

Sai Helmi ta juyo ta gan ni. Hannun ya tsaya. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta sake duban agogo. Fuskarta ta yi irin yadda take yi in na shigo da laka a takalmi. Ta yi ta fama da bakinta, jijiyar wuyanta ta tashi, na matso na ce ta bi a hankali.

"Tafi," ta ce.

Sarai ta faɗa. Tun ranar Alhamis ɗin nan ban ji kalma daga bakinta ba sai yau.

"Helmi..."

"Tafi. Ruusu."

Na buɗe baki in gaya mata an daina tatsar. Allah ya sani na buɗe. Ta tura min hannu da bayan yatsunta, tana nuna ƙofa da haɓa.

Na ce, "To, na tafi. Na makara ko?" Na ɗauki hulata da sauri, har na yi tuntuɓe da kujera don ta ga ina sauri.

Na zauna a mota a bakin ginin har ƙarfe shida, sannan na kama hanya. Gobe uku da rabi zan taso.